Ungozomar Ruga a Ƙaura

Da aka ce kowane ƙauye da kowace ruga su ba da mace ɗaya a koya mata aikin ungozoma a Ƙaura Namoda, rugar su Saliha da ke bayan Jangeru ba ta yi doguwar shawara ba. Rabin yaran rugar a hannunta suka faɗo duniya. Abin da ba wanda ya tsaya ya tuna shi ne Hausarta ta tallar nono ce: nawa, albarka, kawo ƙwarya.

Su ashirin da uku ne a ajin, sauran duk Hausawa, matan Zurmi da Moriki da Shinkafi, masu bakin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Malama Saudat ta zuba bayani da Hausa, ta yayyafa Turanci a kai, Saliha ta gyaɗa kai. In an ce ta gane, sai ta ce, "To." Ba ta gane ba, amma a gidansu babbar mace ba ta cewa a maimaita mata magana a gaban jama'a. Abinci ma sai ta ɗauki kwanonta ta zagaya bayan ɗaki, don a ruga ba a ganin cin babbar mace. 'Yan ajin suka ce girman kai ne, suka fita harkarta. Mako huɗu magana tana taruwa mata a ciki, har ta fara yi wa awakin da ke shigowa harabar makarantar magana da Fillanci. Kewa ta ci ta ƙwarai.

Ran Litinin Malama ta ja ta gefe. "Inna Saliha, ni har yau ban san mi kin ka sani ba. In Juma'a ta zo ba ki buɗe baki ba, gida za ki, ba takarda ba akwatin aiki." Wannan kam ta gane shi sarai, ta kuma san rugarsu ba za a sake ba ta gurbi ba.

Ran Laraba da hantsi aka kai su ɗakin haihuwa su kalli aiki. Duk suka yi cincirindo a kan wata mai ihu tana kiran uwarta. Can gadon ƙarshe wata yarinya ce kwance, Mariya, haihuwar fari, uwar mijinta na zaune a gefe. "Wagga da sauranta," in ji wata 'yar Moriki, "ko nishi ba ta yi."

Saliha ta dubi kitson yarinyar, ta dubi yatsun ƙafarta da suka dunƙule. 'Yar Fulani ai ko za ta mutu ba za ta yi nishi a gaban uwar miji ba. Ta aiki tsohuwar ɗebo ruwa, ta sunkuya ta yi tambaya da Fillanci. Mariya ta ce tun asuba jini ke zuba, ta tare shi da zane.

Saliha ta nemi Hausa ta rasa. Sai kawai ta kamo hannun Malama Saudat ta jawo ta har bakin gadon, ta ɗaga zanen. Ɗakin ya ruɗe da gudu, aka kira likita. Uwa da ɗiya suka tsira.

"Kin zauna," in ji Malama da yamma. "Sai kin ƙare mako huɗun da sun ka rage."

Kwana biyu Saliha na bakin gadon Mariya, hira ba tsayawa: shanu, damina, wa ya auri wa. Ran Asabar aka sallame su. Saliha ta riƙa musu jaririyar har bakin mota, tana ta jan zancen. Mariya ta leƙo ta taga ta tambaye ta da Fillanci, "Inna, ke a nan da wa kike hira?"

"Akwai mutane," in ji Saliha.

Ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta koma ciki.