Karen Len da Kyanwar Beryl

A garin Childers, idan Disamba ta kama, zafi kan tausasa kwaltar titi, jemagu kuma su rataye a bishiyoyin mangwaro kamar an shanya baƙaƙen safa. A wannan shekara har gunkin Baba Kirsimeti na roba da ke ƙofar shagon mahauci sai da kumatunsa ɗaya ya narke, ya koma kamar mai ciwon haƙori.

Len Haggarty tsohon direban jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ne. Da matarsa Maureen ta rasu, ta bar masa gida, da bishiyar makadamiya mai 'ya'ya kamar gyaɗa masu taurin ɓawo a bayan gida, da wani jan kare mai suna Rusty. Da karen yake hira, da shi yake sauraren labarai a rediyo, shi kaɗai ne kuma ke ɗaga kai idan Len ya yi tari.

Maƙwabciyarsa Beryl Zammit tana da wata al'ada. Duk Kirsimeti takan gasa biskit don karnuka da kyanwoyin unguwa, ta yanka wasu da siffar ƙashi, wasu da siffar kifi, ta zuba a jajayen safa ta rataye a ƙofofin mutane. Da ta fara gashin bana, ƙamshin hanta ya tsallako shinge, sai Rusty ya tona rami a ƙarƙashin katakon shingen ya bi shi. Da farko yakan je ya dawo. Daga baya ya mai da barandar Beryl wurin barcin rana. Sannan wata safiya Len ya zuba masa abinci, ya yi fito, ya kira sunansa, kare ya ɗaga kunne ɗaya daga can, ya mai da shi.

Len ya je bakin shinge, wuyansa ya yi ja.

"Beryl! Karen nan fa yana da gida."

"To, ni na ɗaure shi?" Ko juyowa ba ta yi ba, tana jera biskit a faranti. "Ga ramin nan, ai bai toshe ba."

"Sihiri kike zuba masa."

"Hanta da kabewa ne, tsoho. Kai me kake ba shi? Wannan busasshen abin na buhu mai kama da kashin awaki?"

Rusty ya kaɗa mata wutsiya. Wannan kaɗawar ce ta fi yi wa Len zafi, domin ya san ta. Ita ce wadda karen ke yi wa Maureen, har ƙugunsa na lanƙwashewa. Shi bai taɓa samun irinta ba.

Washegari ya sa hula ya tafi wurin mahauci ya sayo hanta, ya biya kanti ya kwaso gwangwanayen kifi. Bai taɓa kunna tanderun Maureen ba, amma ya ce a ransa wanda ya tuƙa jirgi cikin gonakin rake ba zai kasa biskit ba. Ya niƙa hanta, ya fasa ƙwai, ya juye kifi, ya zuba gari. Ragowar kifin da mansa ya ajiye a ɗan faranti a kan matakalar baya, ya manta da su. Yana cikin kwaɓi sai ga Duchess, farar kyanwar Beryl mai tafiya kamar ƙasa na ƙona mata ƙafa, ta zo ta lashe farantin tas, ta zauna tana kallonsa. Len bai kula ba, hankalinsa na kan yadda zai wuce Beryl.

A wannan yanki, biskit ɗin Kirsimeti da za a ba babban baƙo ba ya cika sai da makadamiya a ciki. Haka Maureen ke yi wa limamin coci, haka take yi wa surukai. Hanta da kabewa kowa ma zai iya. Len ya ɗauko bokitin 'ya'yan bishiyarsa, ya shiga rumfar kayan aiki, ya yi ta fasa su ɗaya bayan ɗaya da matsen ƙarfe, zufa na ɗiga daga hancinsa. Ya daddaka, ya zuba da hannu sake. Ba shi da abin yanka siffar ƙashi, sai ya yi da bakin kofi, biskit suka fito zagaye, baƙi-baƙi, da ɗigon fari kamar ƙwan zabo.

Ranar jajiberen Kirsimeti da hantsi ya ɗauko tire ya tsaya daidai inda Beryl za ta gan shi. Tana yi wa furanninta ban ruwa da tiyo.

"Rusty! Zo ka ci abincin manya."

Kare ya shaƙi iska, ya tashi, ya kutso ta rami. Zuciyar Len ta yi fari. Ya zaɓi babba ya miƙa.

"Mene ne wancan fari-farin?" in ji Beryl.

"Abin da ba ki da shi. Makadamiya, daga bishiyata."

Bai rufe baki ba ruwan tiyo ya same shi a hannu. Biskit ya faɗi, ta bi shi da ruwa, ta bi kare da ruwa har ya ruga bayan tankin ruwa, sannan ta zura hannu ta kan shinge ta fizge tiren.

"Kin haukace ne?" Len ya yi ihu, ruwa na tsiyaya daga girarsa. "Baƙin ciki kike yi! Kin ga ya zo wurina, shi ne ya tsone miki ido!"

"Wawan tsoho! Makadamiya kan kashe wa kare ƙafafun baya, ya yi ta amai yana rawar jiki. Kirsimeti a gidan likitan dabbobi kake so ka yi? Duk safiyar duniya Maureen na share gindin bishiyar nan kafin ta saki karen. Ka ɗauka tsabta ce ta dame ta?"

Len ya share ruwa daga fuskarsa. Ya tuna Maureen da tsintsiya da bokiti, ya tuna yadda yake yi mata dariya. Tun rasuwarta shi ma yana tsince 'ya'yan kowace safiya, amma don kada ɓeraye su riga shi ne kawai. Ya koma cikin gida jiƙe sharkaf. Kunya ta kama shi, amma kishin bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi. Ga karensa a hannunta, ga kuma wani abu na matarsa da ita ta sani shi bai sani ba.

Da ya fito baranda da yamma, sai ya tarar da Duchess kwance a kujerar Maureen. Ya dube ta, ta dube shi. Ya shiga ya buɗe mata gwangwanin kifi, zallansa, ba gari ba komai.

Safiyar Kirsimeti muryar Beryl ta cika unguwa. "Duchess! Duchess, 'yar lele!" Kyanwa na kan cinyar Len. Ta ɗaga kunne ɗaya, ta mai da shi.

Beryl ta leƙo ta kan shinge da hular takarda a kanta, fuskarta ta canja.

"Len, kyanwar nan fa tana da gida."

"To, ni na ɗaure ta?" Ya shafa bayan kyanwar a hankali. "Kifi ne kawai, 'yar tsohuwa. Ke me kike ba ta?"

"Ba ta taɓa hawa cinyar kowa ba sai tawa."

"Ikon Allah."

Ta tsaya tana huci. Kantuna duk a rufe suke, ita kuma ba ta da kifi ko gwangwani ɗaya, ta ƙarar da nata a biskit ɗin kyanwoyin mutane.

"Me kake so?"

"Sauran hantarki da kabewa. Ki tsaya nan ki faɗa mini yadda ake yi. A tanderuna za a gasa, ƙamshin ya tashi daga nan ɓangaren."

Haka aka yi. Tana tsaye a bakin shinge tana ba da umarni tana zaginsa, shi yana kwaɓi ta taga. Kafin rana ta take tsaka, Rusty ya kutso ta rami, ya kwanta a ƙofar kicin yana kaɗa wutsiya. Ba irin ta Maureen ba ce, Len ya lura da haka, amma ya karɓa.

Sannan ya miƙa wa Beryl gwangwanin kifi ɗaya ta kan shinge. Sauran ya tura su can bayan kabad, inda ba za ta hango ta taga ba.