Abincin Rana a Ɗakin Ƙasusuwa

Ni dai tun farko ban so zuwa ba. Shugabarmu ce ta matsa, wai tun da ni ke kula da tsofaffin kayan ɗan gidan tarihinmu da ke arewacin Jamus, ni ya kamata in wakilce mu. Haka na hau jirgin ƙasa, ya yi lattin da ya saba, na sauka a garin jami'ar da za a yi taro ana yayyafi, ɗalibai a kan kekuna suna neman take mutum.

Taron na kwana biyu ne, a kan ƙasusuwan mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da muka mulka a da, aka jibge a jami'o'i da sunan bincike. Ba mu kai mu ashirin ba. A cikinmu mutum ɗaya ne ya zo daga can, Dakta Ruben Tovue, masanin tarihi daga wani tsibiri a Papua New Guinea, dattijo mai sanyin murya, ya sha rigar sanyi har biyu. An gaya masa akwai kawunan mutanen ƙauyen kakarsa a ginin.

Safiyar nan kaf a kan kalma ɗaya ta ƙare. Shin “kayan bincike” za a ce, ko “ragowar mutane”, ko “kakanni”? Wiebke, ƙawata tun muna ɗalibai, ta raɗa mini, “Dörte, in na mutu kafin su gama, ki ce musu ni ragowa ce, kada su wahalar da kansu.”

Da rana ta yi aka ce ana gyaran ɗakin cin abinci, don haka an kai mana abincin wani ɗaki a ƙarƙashin ginin, inda akwai fili. Muka sauka. Ashe filin ɗakin ajiyar ƙasusuwan ne da kansa. Akwatunan kwali jere a kan kantoci har rufi, kowanne da lamba, wurin yana warin ƙura da maganin asu. A kan dogon teburin da ake auna ƙasusuwa aka shimfiɗa takarda, aka jera burodi da ɗanyen niƙaƙƙen naman alade da albasa a kai. Tun ina yarinya nake cin wannan abin, amma ranar ban taɓa shi ba.

Mutane kuwa suka ɗauki faranti suka hau ci.

Farfesa Eckhard Brümmer ne mai makullan ɗakin. Ya daɗe da yin ritaya, amma ba wanda ya iya karɓe su daga hannunsa. Ya nufo Dakta Tovue yana tauna, fuskarsa cike da fara'a.

“Abokin aiki, zo ka ga naka! Su ne suka fi kyau a duk ɗakin nan.”

Ya sauko da akwati, ya buɗe da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da burodin. Ya ciro ƙoƙon kai, ya juya shi kamar mai zaɓen kabewa a kasuwa.

“Dubi haƙora! Ko ɗaya bai ruɓe ba. Ni nawa rabi na roba ne.”

Wasu suka yi dariya. Wani yanki na albasa ya faɗo daga burodin ya shige cikin akwatin. Ina gani. Babban yatsansa ya bar shaidar maiƙo a goshin mamacin.

Dakta Tovue ya ce, a hankali, “Farfesa, don Allah ajiye shi.”

“Kada ka damu, ba ya fashewa. Tun ina saurayi nake riƙe su.”

“Ajiye shi. Ka je ka wanke hannunka.”

Brümmer ya ajiye, yana ƙunƙuni wai yanzu ba dama mutum ya yi magana. Matar da ta shirya taron ta matso da sauri, ta ce wannan muhimmin batu ne, za a sa shi a zaman yamma.

“Ba zaman yamma nake so ba,” in ji Dakta Tovue. “Ku fitar da abincin nan, ku bar ni da su.”

Ni da Wiebke muka kama kwashe faranti. Da na koma na sa yatsu na cire albasar daga akwatin, na rasa inda zan jefa ta, sai na fita da ita a tafin hannuna. Na ja ƙofar na tsaya a bakinta.

Daga ciki ina jin muryar Dakta Tovue ƙasa-ƙasa, yana magana da harshensu, kamar mai ba da labarin gida. A waje kuwa aka ci gaba da ci a tsaye. Wani matashin malami ya matso da wayarsa, ya tambaye ni ko zai iya ɗaukar muryar, wai za ta yi amfani a rubutun da yake yi.

Na ce, “Kai, ba ka da kunya ne?”

Ya ce ai tambaya kawai ya yi.

Da yamma aka tattauna batun har duhu, aka kafa kwamiti, aka sa Brümmer a ciki saboda ƙwarewarsa. Washegari ban shiga zaman ba. Na raka Dakta Tovue tasha, na riƙe masa jaka. A hanya ya tambaye ni ko mu ma muna da irinsu a wurinmu. Na ce muna da uku. Ya ce in rubuto masa daga ina suke. Na rubuta a makon, kuma namu sun koma gida kafin shekara ta zagayo.

Nasa suna nan a kan kanta. A bazarar da ta wuce aka aiko mini da gayyatar taro na biyu, a gini ɗaya. Wiebke ta je, ni na ce ina da mura.