Ƙanƙara a Kwamfutar Torkuma

Da azahar Torkuma mai ɗaukar bidiyo ya faɗo shagona na gyaran kwamfuta a Lafia, ko sallama babu.

"Malam Muntaka, ka taimake ni! Baba ya daina cin abinci. Abu ɗaya yake nema, ya ga bikin Dooshima."

Dooshima ƙanwarsa ce. Tsohon yana kwance a Assakio, bai samu zuwa bikin ba. Torkuma ya juye bidiyon cikin kwamfutarsa, ya kuma ɗauki wani taron a kan kaset ɗin. Ita kuwa kwamfutar, tsohuwar tokunbo 'yar gwanjo, ta nuna sai gobe za ta gama haɗa faifan bidiyon. Wa ya ba tsohon nan gobe?

Na bi shi gidansa a Akurba. Na ce zan iya ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, gudu fiye da ƙa'idarta, amma za ta yi zafi. Dole mu fara gwada ta da aiki mai nauyi, mu ga ko za ta jure.

"Gwajin me? Babana fa!"

Wallahi raina ya ɓaci, amma na ga idonsa. Na ƙara gudun, na buɗe murfi, na saita mata fanka. Watan Maris ne, kwanon ɗaki kamar tanda. Zafin injin ya haura digiri saba'in, ya doshi tamanin. Dooshima, da ta leƙo gidan, na tsaye tana fifita da faifan tukunya, tana addu'a da yarensu.

Aka kira ni a waya, na fita. Ina dawowa na tarar Torkuma ya jera ledojin ƙanƙara cikin kwamfutar.

"Duba, Malam, zafi ya sauka!" Har da murnarsa.

"Kai, kana da hankali kuwa? Leda tana zufa!"

Kafin in kai hannu, ɗigo ya sauka kan wayoyin. Ƙas! Ƙauri ya tashi, komai ya mutu. Saura ƙiris fa ta gama.

Na ce bidiyon bai ɓace ba, gobe zan samo wata kwamfutar. Torkuma ya zube ƙasa yana kuka.

Dooshima ta shige ɗakin da ta bar akwatinta. Can sai ga ta cikin farar rigar amarya, ta tattare bakin rigar a hannu.

"Tashi, Yaya, ta da babur. Tunda babu faifai, bari ya gan ni."