Mutum na Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina ladanci a masallacin Juma'a na Tungar Mamuda, wani ɗan ƙauye a bayan Yankara, kuma sai bara na fara ƙirga mutane ranar Juma'a. Da can wa ke da lokacin wannan? Ƙauyuka huɗu ke zuwa mana. Sahu yakan fita har gindin tsamiya, wanda ya makara sai dai ya shimfiɗa buhu a rana.

Sai 'yan bindiga suka sa mu gaba. Shekarar farko shanu suka kora. Ta biyu suka fara ɗaukar mutane a gona, ta uku kuwa ba sa ma jiran ka je gonar. Duk mai ɗan'uwa a Funtuwa ko Ƙanƙara ya naɗe tabarmarsa. Gidajen da aka bari damina biyu ta gama da su, yanzu awaki ne ke kwana a ciki.

Limaminmu, Malam Mas'udu, ba ya wasa da abin da ya karanta. Ya ce Juma'a ba ta inganta sai da maza baligai goma sha biyu, mazauna garin, ban da shi kansa liman, kuma su tsaya tun daga huɗuba har sallama. Tun bayan girbi mu sha biyu ne cif, har da ni. Ko mai zazzaɓi sai mu riƙo shi mu jingina shi da bango. Sai ranar wata Talata aka ɗauke Baba Muhammad Auwal a hanyar kasuwa, muka koma sha ɗaya.

Da hantsin Juma'a Liman ya same ni ina shara.

"Malam Sanusi, akwai saura mutum guda cikin garin ga."

Na san wanda yake nufi, na ci gaba da sharata.

Rabo yake nufi. Rabo ke kai wa 'yan bindigar burodi da man fetur cikin daji a kan babur, wannan ko kaji sun sani. Ɗana Jabiru kuwa yana cikin 'yan sa-kai masu gadin gari. Ranar da 'yan bindigar suka shigo, rana tsaka, sun wuce gida shida ba su waiwaya ba, suka tsaya a ƙofarmu suka kira shi da sunansa. A zaure suka harbe shi, matarsa Nana Aisha tana kallo ta kafar zana. Ban ga Rabo ya nuna gidan da idona ba, amma wa zai nuna? Tun daga ranar in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa, har ya daina zuwa don kansa.

"Allah shi gafarta Malam, ka aiki wani mana."

"Na aiki Bilya, Rabon ya ƙiya. Ya ce in ba kai ka kira shi ba, ba ya takowa." Liman ya kalli ƙasa. "In Juma'a ta faɗi yau, waɗanda suka rage ma tafiya za su yi. Ita kaɗai ta riƙe su. Ni ban tilasta ka ba."

Bai tilasta ni ba, wai. Ya dai ɗora mini garin a ka ya koma gefe. Na ji haushinsa, na ji haushin Rabo, na fi jin haushin kaina da na ga ƙafafuna sun kama hanya.

Na tarar da Rabo a ƙofar gida yana wanke babur. Ban yi masa sallama ba.

"Ka zo masallaci."

"Mi kuke so da ni, Baba?"

"Ba mu son ka. Cikon mutum muke nema."

Ya matse tsumman hannunsa, ya ce yana zuwa.

Ya zo kuwa, da farar riga, ya zauna can ƙarshe. Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri, ban ji ko rabinta ba. Da na tayar da iƙama na juyo, sai na ga mutanenmu sun cure wuri guda kamar tumaki, sun bar gurbi ɗaya tal tsakaninsu da Rabo. Liman ya ce a daidaita sahu, a toshe kafa. Na shiga gurbin. Kafaɗarsa ta taɓa tawa, ɗan yatsan ƙafarsa ya taɓa nawa, warin fetur yana tashi daga jikinsa.

Raka'a biyu ce, amma ban taɓa yin salla mai tsawonta ba. Na san in na fita kafin sallama ta kowa ta ɓaci. A sujada na yi kuka, kuma ba kukan tsoron Allah ba ne, na ƙiyayya ne, Allah ya yafe mini. Na dai tsaya. Da aka sallame Rabo ya miƙo mini hannu, mutane suna kallo, na ba shi nawa.

Ina neman takalmina Bilya ya tsuguna kusa da ni.

"Baba, ban so in faɗa kafin salla ba. Jibi mota za ta zo ɗaukar mu, ni da ƙanena Muhammadu. Surukina ya samo mamu ɗaki a Funtuwa."

"Liman ya sani?"

"Tun Laraba na faɗa mashi."

Juma'ar da ta biyo baya na kira salla kamar kullum, don ban iya wani aikin ba. Mu goma muka rage ban da Liman, don haka ba a yi huɗuba ba. Azahar muka yi, raka'a huɗu, karatu a ɓoye. Rabo ya zo ba wanda ya kira shi, ya tsaya kusa da ni.