Kafintan da Ba Ya Buga Ƙusa Ranar Farko

Ranar Litinin aka ajiye wa Ratri sunayen masu sana'a goma sha bakwai da za a goge daga manhajar kamfaninsu ranar Juma'a. Manhajar tana haɗa masu gidaje a birnin Semarang da garuruwan kewaye da kafintoci da magina da masu fenti. Ratri ce ta tsara ta, ita ce kuma ta sa dokar da ta ci mutanen: mai sana'a ya isa gida, ya danna maɓalli, cikin awa guda ya tura hoton aikin da ya fara. Wanda aka kai ƙararsa sau uku, an gama da shi.

Suna na tara shi ne Wagiran, kafinta, daga Ambarawa.

Ƙorafe-ƙorafen uku duk bakinsu ɗaya. Tsohon ya zo, ya zauna a baranda, ya zagaya gida yana ɗaga kai kamar mai neman tsuntsu, ya yi sallama ya tafi. Ko guduma bai ciro daga jaka ba.

Ratri ta san wannan zaman. Mbah Wagiran, wato Kaka Wagiran, shi ne ya rufa gidan mahaifinta tana 'yar shekara takwas. A lokacin ba a kiran kafinta ta waya. Mahaifinta da ƙafarsa ya je, ya cire takalmi a bakin ƙofa, aka gaisa aka tambayi iyali kafin a ambaci rufi. Da aka fara aiki, kullum ƙarfe goma na safe mahaifiyarta takan fito da shayi mai kauri da soyayyen rogo, ma'aikata su sauko su zauna a tabarma ɗaya da maigida. Ranar da aka ɗora babban katakon tsakiya, an rataya masa ayaba da rake da zangarniyar shinkafa, maƙwabta suka taru aka yi addu'a aka ci abinci. Shekara ashirin da biyu ke nan rufin bai ɗiga ba. Yau ga 'yar gidan ta kafa dokar da za ta kori wanda ya yi shi, kuma da ta kafa ta ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba.

Ranar Laraba Ratri ta shiga motar Ambarawa. Ta same shi a gindin mangwaro yana wasa haƙoran zarto. Matarsa, Mbah Painem, ita ta fara gane ta.

"Lale da 'yar birni! Malam, ɗago kai, ga mai wayar da ke yi maka ƙara."

"Wayarki dai," in ji shi ga matar tasa. "Ni ban taɓa danna ta ba. Zauna, jikata. Kin rame. Ba sa ba ku abinci a wurin aikin?"

Ratri ta zauna ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce akwai mafita mai sauƙi. "Mbah, in ka isa gida, ka buga ƙusa ɗaya kawai a ko'ina, ka ɗauki hoto. Shi ke nan. Sai ka ci gaba da dube-dubenka."

Ya ajiye zarton.

"Ƙusa ɗaya a ina?"

"Ko'ina mana."

"Babu ko'ina a jikin gida. Rufi ba ya yoyo a inda ruwa ke ɗiga. Ruwa ya shiga ta gabas, ya bi katako, ya zubo wa mutum a ka ta yamma. Ranar farko ina duba inda bango ya yi baƙi, ina ƙwanƙwasa katako in ji ko gara ta ci cikinsa, ina tambayar matar gida ta wane gefe iska ke koro ruwa. Ita ta sani, ita ke sa bokiti. Yanzu kina so in yi wa mutum ƙarya da guduma don waya ta ji daɗi?"

"Kar ki wahalar da bakinki," in ji Painem. "Ni ma sai da ya yi shekara biyu yana zagaya gidanmu kafin ya buɗe baki."

"Ga shi kuwa har yau ba ki yi yoyo ba."

"Ji tsohon banza!"

Ratri ta yi dariya, amma kunya ta riga ta kama ta. Ta zo ne da niyyar ceton dattijo, sai ga shi abin da ta kawo masa shi ne koyon ha'inci. Idan aka goge sunansa, ayyukansa sun tsaya, domin waɗanda suka san hanyar gidansa yawancinsu sun rasu, 'ya'yansu kuwa waya suke dubawa.

Alhamis da safe ta shiga ofishin shugabansu, Herjuno, da sabon tsari na manhajar. Shafi ne guda da mai gida zai gani kafin ya zaɓi kafinta, ana tambayarsa ko ya yarda a zo a duba gidan yini ɗaya ba tare da an taɓa komai ba.

Herjuno ya karanta ya girgiza kai. "Ratri, mutanenmu so suke su danna da safe, su ga tsani a jingine da rana. Wa zai zaɓi jira?"

"Wanda aka gyara wa rufi sau uku a damina ɗaya."

"Duk wannan saboda tsoho ɗaya?"

"Na karanta ƙarar sauran sha shidan. Biyar daga ciki laifinsu ke nan. Dokar tawa ce, kuma ba ta da kyau. Na rubuta ta ban taɓa hawa tsani ba."

Ya jujjuya biro a hannu. A ƙarshe ya yarda, da sharaɗi: shafin zai zauna can ƙasa, ba a gaba ba, kuma mutum shidan za su bayyana ne kawai ga wanda ya zaɓi jiran. Ratri ta san ma'anar haka. Sunan zai tsira, aikin zai yi ƙaranci.

Haka kuwa aka yi. Daga Juma'ar nan har ruwan farko ya sauka, gida huɗu ne kacal suka kira Mbah Wagiran. Ratri ta buga waya don ta ba shi haƙuri, Painem ta ɗauka.

"Haƙurin me? Yana can kan rufin wata malamar makaranta tun jiya, ya ce gwiwarsa ma huɗun take iyawa. Saƙo ɗaya ya bar miki. Wai ki ƙara wa rubutun wayar nan girma, kullum sai na ari tabaran maƙwabciya kafin in karanta masa adireshi."

Ratri ta jawo takarda ta rubuta saƙon.