Ranar da Layin Maƙera Ya Yi Shiru

Gul Zarin ya warware bututun rage ƙarar bindiga, ya zube ƙarafan cikinsa a kwanon kananzir, ya hau goge baƙin albarushi da buroshi. Tun safe yake wannan aikin wa maƙwabtansa, kuma bai karɓi ladan kowa ba.

A kasuwar Darra, garin maƙeran bindiga, ba mai sayen bindiga sai ya fito ƙofar shago ya harba sama ya ji muryarta. Ga shi ɗakin da matarsa Baktawara take kwance yana bayan shagon. Likita ya ce zuciyarta ta raunana, kada a bari wani abu ya firgita ta. Shi ya sa ya bi maƙeran layin ɗaya bayan ɗaya, ya roƙe su su riƙa ɗaura bututu kafin gwaji.

Maƙwabcinsa Sher Dil, mutumin da ba ya sayen abu sai mai ƙyalli, ya kawo nasa bututun ɗan ƙasar waje, an yi masa walda ta ko'ina. Ciki ya cushe, kuma babu ta inda za a buɗe shi.

"Yaya, ɗan Turai ne fa," in ji Sher Dil.

"To ka mayar musu su wanke maka."

Gul Zarin ya ciro nasa, wanda ya ƙera da hannunsa tun yana saurayi, ya miƙa masa.

Da azahar layin ya yi tsit. Ya shiga gida da shayi, zuciyarsa fes. Ya tarar da Baktawara ta tashi zaune, idonta a kan ƙofa.

"Maigida, wa ya rasu?"

Ya ce babu kowa. Ba ta yarda ba. Tun da aka kawo ta gidan nan, bindigogin Darra ba sa yin shiru sai in za a fita da gawa.

"In ba a yi rasuwa ba, to ni ake jira," ta ce a hankali. "Ka faɗa mini abin da likita ya ce."

Tausayinta ya kama shi. Ya ajiye shayin, ya koma shago, ya ɗauko tsohuwar bindigarsa wadda babu bututu a bakinta. Ya fito tsakiyar layi, maƙwabta suna kallonsa, ya ɗaga ta sama.