Allin Tela a Kan Sakata

Ana saura 'yan makonni Kirsimeti, Yaya Tela ta fara tarar da ƙofar baya a buɗe. Ba a wangale ba, a'a, sakatar sama ce kawai a zare, wadda ita da hannunta take turawa kowace yamma. Ga yadikan mutane jibge a falo kusa da keken ɗinkinta, kowa na jiran kayansa. Ranar farko ta ce mantuwa ce. Da abin ya maimaitu, hankalinta ya tashi.

Ƙofar nan tana da tarihi. Ta nan Auta, ƙaninta, ya fita bara bayan sun yi kaca-kaca da Baba, kuma Baba da kansa ya danna sakatar, ya ce kada wanda ya ƙara ambaton sunan yaron a gidansa. Tun daga nan ko waya babu. Mama ba ta musu da mijinta, amma kowace Lahadi ta wannan lokaci na jiran zuwan Almasihu, in ta kunna kyandir a kan tebur, sai ta roƙa wa "waɗanda ke kan hanya" kariya. Kowa ya san wa take nufi. Baba sai ya yi gyaran murya, ya ce amin can ciki-ciki.

Wanda Yaya ta fara zargi shi ne bakaniken da ke haya a ɗakin gefe. Dama ba ta yarda da shi ba, mutum sai fara'a kamar mai tallan magani! Ta bi shi da harara har bawan Allah ya daina gaishe ta. Sai ya yi tafiya wurin iyayensa, sakata kuma ba ta fasa zarewa ba.

To, saura Mama. Yaya ta tsare ta a kicin, ta ce ta gane komai, kuma bege daban ne, sakarci daban. In ɓarawo ya kwashe kayan mutane, kyandir ne zai ɗinka wasu? Mama ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ɗaga hannun nan nata mai ciwon kafaɗa, ko rabin ƙofar bai kai ba. Ta ce ita tata ƙofar tana wurin Ubangiji, kuma ba ta taɓa jin ya rufe ba.

Amsar ba ta gamsar da Yaya ba ko kaɗan, haushi ma ta ƙara mata. Da yamma ta ɗauko shuɗin allin da take zana yadi da shi, ta goga wa kan sakatar sosai, ta tura ta, ta yi shiru da bakinta.

Da safe sakata a zare. Aka zauna addu'ar safe, Yaya ba ta jin ko kalma ɗaya, hannuwa kawai take bi da ido. Na Mama tas. Baba ya gyara tabarau, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya lashi yatsa zai juya shafi, sai ya yamutsa fuska. A gefen takardar ga shuɗin tabo, ga wani a leɓensa.

Ya dubi yatsan, ya dubi 'yarsa. Kunya ta kama Yaya kamar ita aka kama. Wannan tsoho mai taurin kai, wanda ko hoton Auta ya sa an sauke daga bango!

"Baba," ta ce a hankali, "kai ne?"

Baba ya ce, "Na san halinsa. In ya zo ya tarar a rufe, ba zai ƙwanƙwasa ba. Juyawa zai yi."

Mama ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Baba ya ci gaba da karatu, bai goge leɓen ba.

Ranar Yaya ba ta taɓa ɗinki ba sai da ta kwashe yadikan kaf ta kai ɗakinta. Sannan ta ɗauko man keke ta ɗiga wa maƙallan ƙofar baya, ta buɗe ta rufe har suka daina ƙara, don kada ƙarar ta sa mai shigowa ya ji kunya.